Ɗigon Jan Farce a Bayan Waya

Jiya wasu samari biyu suka zauna a bencin rumfata suna jiran caji, sai na ji ɗayan yana ce wa ɗan'uwansa wai gyaran waya ba sana'a ba ce, kallon bidiyo uku ne da sukudireba ɗaya. Ban tanka masa ba, don uwarsa mutuniyar kirki ce. Amma da na koma gida na ce bari in rubuta abin da na sani, ko da yake rubutun nawa na ɗan aji uku ne. Ukun ma ban gama ba. Malam ne ya aike ni sayo goro, har yau ban kai masa ba.

Sunana Iro. A ƙauyukanmu na nan tsakanin Kura da Bunkure ana ce min Baba Iro Mai-waya. Da can rediyo nake gyarawa, har ranar da na lura duk wanda ya zauna a rumfata rediyon tana cikin aljihunsa, kuma tana ɗaukar hoto. Na haura arba'in a lokacin. Na naɗe tabarmata na tafi kasuwar waya ta birni koyon aiki a wajen wani Nura, wanda a haife na haife shi. Ina ce masa Oga, yana ce min Baba. Zai ce, "Baba, don Allah a ɗan share wurin nan," in ce, "To, Oga." Mutanen kasuwa suka mai da mu abin kallo. Wata uku bai bar ni na taɓa komai ba sai kwance noti da mayarwa. Noti ne ƙanana kamar ƙwayar gero, kowanne da raminsa, in ka musanya biyu ka huda allon waya. Na huda guda biyu kafin na yarda.

Kayan aikina ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai ayan, wato ƙarfen narka dalma, wanda ya bar min tabo a kowane yatsa sai babban na hagu. Akwai hantsaki, da mita ta gwada wuta, da gilashin ƙara girma, da bulawa mai hura iska mai zafi, da tsohon buroshin haƙori wanda ya fi su duka aiki. Don mu nan ba irin cutar wayoyin birni muke gani ba. Wayar birni faɗuwa take yi a kan siminti. Tamu kuwa kanal take faɗawa, ko ta kwana a fangalin albasa, ko ta sha ruwan tumatir a gindin kwando.

Wata rana wani manomi ya zo min da ƙwarya a rufe, ya ajiye a kan tebur kamar mai kawo gaisuwa. Ya ce wayarsa ce ta faɗa ruwa, an gaya masa a binne ta a shinkafa ta tsotse danshin. Na sa hannu na ji ɗumi. Ashe cikin shinkafar da matarsa ta turara ya tura ta, ko shanya ba a kai ga yi ba. Na ce, "Malam, wannan ai ba jinya ka yi mata ba, dafa ta ka yi. Saura mai da yaji." Kwana biyu ina bin ta da buroshi da bulawa, kuma ta tashi. Har yau in ta yi zafi ƙanshin shinkafa take yi.

Daga irin waɗannan ayyukan ne ɗigon ya samo asali. Wani ya taɓa kawo min waya yana rantsuwa ni na gyara ta ta sake lalacewa, alhali ban taɓa ganinta ba. Sai na ɗauko kwalbar jan farcen mai ɗakina, ba da saninta ba, na fara ɗiga wa duk wayar da ta bi ta hannuna ɗigo ɗaya a baya, kusa da kyamara. Abin ya zama ado. Mutum zai juya wayarsa a majalisa ya ce, "Ka gani, 'yar gidan Baba Iro ce."

To, ga inda wayona ya fi ƙarfina. Kowa a nan yana son manhajar hira, irin wadda ake cewa saƙonta a kulle yake, daga wayarka sai wayar wanda ka tura wa, ko masu kamfanin ba sa iya karantawa. Amma sauke ta yana cin data, manomi kuwa data ɗinsa kamar taki yake auna ta. Sai na ware wata tsohuwar waya na sa mata suna Uwa. Na sauke manhajar a cikinta sau ɗaya tak, duk wanda ya zo in kwafa masa daga ita, waya zuwa waya, ba data. Kamar dai yadda ake ajiye irin tumatir ana raba wa maƙwabta. Sannan na ƙara wani alherin: na gano inda ake kashe sabuntawa, wato wurin nan da waya ke janyo sabon gyara da kanta daga kamfani. Duk wayar da ta zo in kashe mata shi. Mutane suka ga datarsu ta daina zurarewa, suka dinga sa min albarka. Har tsarabar albasa na sha.

Mutum ɗaya ne ya ƙi ni ƙememe: Sabo, taubashina, ɗan ƙanwar babana. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Shi ne mai riƙe da makullin getin ƙaramin kanal ɗinmu, shi ke raba ranakun ruwa tsakanin layin sama da layin ƙasa, ya kai shekara ashirin yana yi ba a taɓa kama shi da son kai ba. Wayarsa 'yarsa ce ta sayo masa a birni. In ya zo wucewa sai ya dafe aljihu ya ce, "Ɓoye kanki, ga mahauci nan."

"Kawo ta in ɗiga mata albarka mana, tsohon banza."

"Albarkar jan farcen matarka? Allah ya kiyashe ni."

Masu ban ruwa suna da zaure a cikin manhajar nan, wato taron hira guda da kowa yake ciki, a nan Sabo ke sanar da ranar ruwan kowane layi. Shekarar da nake ce wa muguwar shekarata, da rani ne, an gama dashen tumatir bai fi mako ba, lokacin da tsiro bai iya haƙurin ƙishi. Ranar Litinin saƙo ya shigo zauren da sunan Sabo da hotonsa: ruwan layin ƙasa ya tashi daga Talata ya koma Alhamis. Ni ma na gani a tawa. Mutane suka ce to, suka tafi sabgoginsu.

Talata Sabo ya buɗe geti kamar kullum. Mutum huɗu kawai suka zo da sifon ɗinsu, bututun nan da ake tsotso ruwa da shi daga kanal zuwa gona. Ya yi mamaki, amma ruwa ba ya jiran kowa. Sauran ruwan duk ya tafi gonar wani baƙo ɗan birni da ya karɓi hayar babban fili a bakin kanal, wanda shi ma yana cikin zauren. Alhamis jama'ar layin ƙasa suka yi dafifi suka tarar da geti a kulle, ranar layin sama ce. Tumatirinsu ya langaɓe kamar an zuba masa ruwan zafi.

Sabo ya rantse bai tura komai ba. Ya miƙa wayarsa, aka duba, babu saƙon. Aka ce ai goge shi ya yi. Kafin azahar magana ta zaga gari cewa Sabo ya sayar wa baƙo da ruwan talakawa. Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa, za a karɓe makullin a hannunsa.

Na je wajen da niyyar tsokana, ba zan ɓoye muku ba. Har na shirya abin da zan ce masa. Amma da na gan shi zaune a gefen tabarma, makullin a tafin hannunsa, hularsa a karkace, bai ko ɗago ya zage ni ba, sai na haɗiye.

Mai unguwa mutum ne mai son a ga abu da ido. Ya ce, "Duk wanda saƙon ke cikin wayarsa ya ajiye ta a dama. Wanda babu a tasa ya ajiye a hagu." Dama ta cika maƙil. Hagu guda biyar: ta Sabo da ta mutum huɗun nan da suka sha ruwa ranar Talata. Nan take wani ya miƙe ya ce, "Kun gani! Da su aka haɗa baki!" Hayaniya ta tashi.

Rana tana haska gilasan wayoyin tana kashe wa mai unguwa ido, sai ya ce a kife su. Aka kife.

Jama'a, ban taɓa ganin aikina a jere haka ba. Tabarmar dama tun daga wannan baki har wancan, ja, ja, ja, kamar an watsa barkono. Na waiwaya hagu. Guda biyar, bayansu fes, ko ɗaya ba ta taɓa shiga rumfata ba.

Ba wanda ya lura sai ni. Kowa ya saba da ɗigon har ya daina ganinsa. Kuma hanyar gida a buɗe take, ga kekena a jingine. Na dubi keken nan sosai, sai da na ƙare masa kallo tun daga sirdi har taya. Sannan na yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, ina da magana."

"Iro, yau ba ranar wasa ba ce."

"Wallahi na fi kowa sani. A dubi bayan wayoyin nan."

Aka duba. Sai wani dattijo ya ce, "To, kai ka tura ke nan?"

Na ce, "Baba, ni da zan rubuta 'Alhamis' sai na tambayi mai ɗakina ko da ha ake farawa? Ban tura ba. Ban kuma san yadda aka yi ba. Abin da na sani, cutar nan 'ya'yana kawai ta kama. A bar wa Sabo makullinsa zuwa jibi, in je in tambayo wanda ya fi ni."

Sabo ya ɗago a karon farko ya ce, "Na daɗe ina faɗa muku mahauci ne." Zagin kam ya fito daidai. Mai unguwa ya ce an ba ni zuwa Lahadi.

Asabar da sassafe na sa Uwa a aljihu na hau mota zuwa birni. Oga Nura yanzu ya yi furfura a gemu, shagonsa ya zama uku. Ya karɓi Uwa ya latsa nan ya latsa can, sai ya cire tabarau ya dube ni.

"Baba, yaushe rabon manhajar nan da sabuntawa?"

"Tun ranar da aka haife ta, Oga."

"Mutum nawa ka kwafa wa?"

"Ka san garinmu?"

"Na sani."

"To, su."

Ya kifa kai a tebur yana dariya har da hawaye, sannan ya sa aka kawo min shayi ya yi min bayani, irin wanda ɗan aji uku zai ɗauka. Ya ce masu yin manhajar hira ba su ne ke ƙera kwaɗon da ke kulle saƙo ba. Akwai wani rumbun kayan aiki da masana suka tara, su suna ce masa laburare, masu manhaja daban-daban a can suke ɗauko kwaɗon su ɗaura wa tasu. Kwaɗon nan aiki biyu yake yi. Yana kulle saƙo kada na kan hanya ya karanta, yana kuma duba hatimi, ya tabbatar wanda sunansa ke kai shi ne ya turo. To, sai wasu masu bincike suka gano tsohon kwaɗon yana da rauni a wajen duba hatimin. Wanda ke cikin zaure, in ya san dabarar, zai iya manna sunan wani a saƙonsa, tsohon kwaɗo ya karɓa ya ce gaskiya ne.

"Suka gaya wa masu rumbun a asirce," in ji shi, "aka gyara, aka tura wa kowa gyaran ta hanyar sabuntawa. Bayan nan aka sanar wa duniya. Daga ranar da aka sanar, ɓarayi ma sun ji. Mai sabon kwaɗo, wayarsa za ta ga hatimin ƙarya ta watsar. Mai tsoho kuwa..."

"'Ya'yan Uwa."

"'Ya'yan Uwa. Baba, kamfani ya aiko musu da gyara har gida, kai ka tsaya a ƙofa kana korar ɗan aike."

Na ce, "Oga, duk na ji. Amma in na koma na ce wa mutanen layin ƙasa laburare, da fartanya za su raka ni. Sai dai ka zo su gani da ido."

Ya zo. Lahadi bayan la'asar ya sauka daga mota da kwamfutarsa a jaka, aka sake shimfiɗa tabarma, dama da hagu, kamar shekaranjiya. Ya durƙusa ya gai da mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ina neman izini in yi ƙarya da sunanka sau ɗaya, a gabanka." Mai unguwa ya ce a sa Nura a zauren, ya yi ƙaryar a gani. Mai unguwan ya kuma zaro tasa wayar ya danne ta a ƙarƙashin cinyarsa don kowa ya shaida bai taɓa ta ba.

Nura ya yi 'yan latse-latse. Sai tabarmar dama ta ɗauki ƙara gaba ɗaya kamar kwaɗin damina. Kowa ya wawuro tasa. Wani mai karatu ya karanta da ƙarfi, ga sunan mai unguwa ga hotonsa da rawani: "Daga yau na sauka, na naɗa Baba Iro."

Ban san wanda ya fara faɗuwa ba. Wani tsoho sai da aka dafa masa baya. Mai unguwa kansa yana dariya yana cewa, "Allah ya sawwaƙe wa garin nan!" Ni kuwa na gyara zama na ce a fara kawo gaisuwa. Wayoyin hagu guda biyar ko motsi ba su yi ba.

Nura bai tsaya nan ba. Ya ɗauki wayar mutumin nan da ya fara cewa an haɗa baki, ya kunna mata sabuntawa, aka jira ta gama. Ya sake tura wata ƙaryar. Duk na dama suka yi ƙara, ban da ita. Mutumin ya juya wayarsa ya sake juyawa, sannan ya tashi ya je gaban Sabo ya tsuguna ya ce, "Malam Sabo, ka yafe ni. Bakina ya yi gaba da hankalina." Sai ga mutane suna bin sahu ɗaya bayan ɗaya. Sabo yana ta cewa ba komai, ba komai, yana mai da makullin cikin aljihu yana dafe shi kamar zai gudu.

Baƙon nan ba a kama shi da hujja ba, ni ma ba zan ce ga wanda ya tura ba tunda ban gani ba. Abin da na sani, a ranar ya fice daga zauren, da aka kwashe amfanin gona kuma bai sake neman haya a wajenmu ba. Tumatirin layin ƙasa, tun ranar Asabar mutanen layin sama suka yarda Sabo ya ba su rabin yini daga nasu. Wanda ya mutu aka sake dashe, mafi yawa ya farfaɗo.

Hukuncina kuwa mai unguwa ya yanke shi a tsaye: duk wayar da na ɗiga wa ja, in kunna mata abin da na kashe, kyauta, da datata. Kwana tara ina yi. Layi tun daga rumfata har wajen mai shayi, kowa ya zo da tasa da ta matarsa da guzurin baƙar magana. Wata tsohuwa ta ce in dawo mata da albasar da ta ba ni. Na ce ai na ci, sai dai ta jira ta tsiro. Don kada in rikice, na koma wajen mai ɗakina, wannan karon da sallama, ta ba ni koren jan farce. Duk wadda aka sabunta sai in ɗiga mata kore kusa da jan. Uwa kuma na zare mata batir na rataye ta da ƙusa a saman rumfa. Tana nan, ku ɗaga kai in kun zo.

To ku samari masu bidiyo uku, canza gilashi kam za ku iya, ko akuya aka nuna wa sau biyu za ta gwada. Amma mutum in ya miƙo maka wayarsa, ranar ruwansa ya miƙo maka, da sunansa, da na maƙwabcinsa. Ni ban saci komai ba, ban yi ƙarya ba, alheri na yi da iyakar sanina, kuma saura ƙiris in tsige mutumin da ya fi ni gaskiya. Abin da ba ka san amfaninsa ba a cikin waya, kar ka kashe shi don ka ga yana cin data. Ka hau mota ka je ka tambaya, ko da wanda za ka tambaya sa'an ɗanka ne.

A rana ta tara da yamma, layi ya ƙare ina kakkaɓe tebur, sai ga Sabo. Ya tsaya ya daɗe yana kallon Uwa a rataye. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro wayar nan tasa da ban taɓa ko shafawa ba, ya kife ta a kan teburina, amma bai ɗauke yatsunsa daga kanta ba.

"Me ya same ta?" na ce.

"Lafiyarta ƙalau, shi ya sa ma ba ta san ka ba. Ɗiga mata."

"Ai ba ta bi ta hannuna ba, tsohon banza."

"Mai ita ya bi. Ɗiga mata koren. Kar ka buɗe, kar ka latsa, kar ka ko hura mata iska."

Na ɗiga. Sai hannuna ya ɗan goce, ɗigon ya fito kamar ƙwan tsaka. Ya ɗaga ta ya duba a hasken rana ya ce, "Ko ɗigo bai iya ba." Ya tsaya nan yana fifita ta da hularsa har ya bushe.